Baba Ya Zaɓi Mai Ƙara

Shago huɗu muka shiga cikin sati biyu, kuma a kowanne ni ce na ce a'a. Gara in faɗa muku wannan da bakina tun yanzu, kafin ku fara jin tausayina, don ban tabbata na cancanci tausayin ba.

Abin da muke nema na'urar tace iska ce, irin wadda ake ajiyewa a ɗaki tana zuƙe ƙura da hayaƙi, tana maido da iska mai tsabta. Likitan Baba ne ya rubuta ta a bayan katin asibiti. Baba kafinta ne, shekara arba'in ya yi yana shaƙar garin katako, yanzu huhun ya gaji. Ga gidanmu a bakin titi, manyan motoci ba sa hutawa, ga janareton gidan biredi a bayan katangarmu, hayaƙinsa na shigowa ta tagar Baba kamar shi ma an ba shi ɗaki a gidan. In na goge saman rediyonsa da safe, kafin la'asar ya sake yin baƙi.

Na'ura ta farko na ce ta cika girma. Ta biyu na ce fitilarta za ta hana shi barci. Ta uku tana fitar da wani wari-wari kamar na wayar wuta in ta ɗau zafi, wannan kam da gaskiyata, likita ma ya ce a guji irinta. Ta huɗu kuwa, wallahi ba ta yi min laifin komai ba. Na yi ta zagaya ta kamar mai sayen akuya, daga ƙarshe na ce kalarta ce ba ta yi min ba. Fara ce. Dukansu farare ne.

Mai raka ni wannan yawon shi ne Mai Firji. Baba ne ya raɗa masa sunan, shekara biyu da suka wuce, lokacin da ya zo gyara mana firji. Gyaran awa ɗaya ya ci masa zuwa uku. A na ukun ya zo da sabuwar riga, ya manta akwatin kayan aiki. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, yau da me za ka kwance firjin? Da turare?" Tun daga ranar yake zuwa zance, duk yammacin Lahadi, a kan bencin baranda, inda ba zan yi nisa da ɗakin Baba ba. Bai taɓa cewa mu matsa ko da bakin ƙofar gida ba. Mutum ne da in ya yi shiru ba ka jin kamar ana binka magana.

Ranar Alhamis ya turo min saƙo:

"Auta, Litinin ce ranar ƙarshe. Kamfani na son sanin ko ni kaɗai zan tafi sabon reshen, ko da iyali. Tafiyar awa biyar ce, kin sani. Ba matsa miki nake ba. Amma in na tafi ni kaɗai ba zan bar ki ɗaure da jira ba, kin wuce haka a wurina."

Sau bakwai na karanta. Ni da karatu sai a hankali, don sai da na kai shekara ashirin da shida na koma aji, makarantar manya ta yamma, har yanzu da yatsa nake bin layi. Amma wannan saƙon tun karatun farko na gane shi sarai. Sauran shidan wurin ɓuya nake nema a cikinsa, ban samu ba.

Kun san amsar da na ba shi? Hoton wata na'ura na tura masa, na rubuta, "Wannan fa?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga shi: "Asabar ƙarfe sha ɗaya. Akwai shago ɗaya da ya rage."

Safiyar Asabar ina guga a tsakar gida, rigunan Baba uku da wandon asibitinsa, Yaya ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Doguwar riga ruwan ƙwai, mayafi ya zame zuwa kafaɗa, jaka a hammata, waya a hannu tana haske. Yaya ta ba ni shekara goma sha ɗaya, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

"Auta, ina na'urar?"

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya. Ina na'urar?"

"Ba mu samu wadda ta dace ba tukuna."

"Wadda ta dace! Fanka ce fa mai rariya, ba miji ba. Mijin ma kin samu wanda ya dace, kin tsaya kina juya shi kamar yadi a hannun mai son ragi."

Na ci gaba da guga. Wuyan rigar ya riga ya miƙe, amma na sake bi.

Ta ja kujera ta zauna a gabana. "Dube ni. Ɗakuna biyun baya suna nan a kulle, ƙura kawai ke kwana a ciki. Ni da Abban yara mun gama magana, ƙarshen wata za mu dawo nan. Lokacin magani kin rubuta min, da wannan rubutun naki mai kama da sawun kaza, na liƙa a jikin firjina ina haddacewa kamar mai jarrabawa. Na'ura ta kula da iska, ni in kula da tsoho. Me ya rage?"

"Ba ki san yadda yake ba, Yaya."

"Uban nawa? Ni na fara kiransa Baba a duniyar nan, lokacin ke ko a mafarki babu ke."

Daga ɗaki muka ji muryarsa: "Ku rage faɗa, mara lafiya na sauraro, kuma yana jin daɗi."

Yaya ta fashe da dariya. Shi ma ya fara, sai dariyar ta sarƙe, ya yi tari ɗaya, gajere, ya katse. Ban san lokacin da na ajiye dutsen guga ba. Na tsinci kaina a kansa da kofin ruwa a hannu ɗaya, maganin shaƙa a ɗayan.

"Ba komai," ya ce, yana ɗaga min hannu. "Ya wuce."

Da na fito, Yaya tana riƙe da rigar. Dutsen ya bar mata tambarinsa a baya, ruwan ƙasa, cif-cif. Ta ninke ta yadda ƙunar ba za ta fito ba. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Sha ɗaya daidai Mai Firji ya yi hon. Na canza kaya sau uku, ni da ba kwalliya ta dame ni ba. Daga ƙarshe na koma ta farkon, doguwar riga ruwan toka da mayafi mai ɗigo-ɗigo. Na faɗa wa Yaya inda maganin shaƙa yake, ta ce ta sani. Na sake faɗa mata daga bakin ƙofa, ta jefo min silifa.

Shagon dogo ne, fankoki a rataye, injinan markaɗe a jere. Mai shagon wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, Mai Firji ne ke gyara mata na'urorin sanyaya wuri. Ba ta tsaya yabon kaya ba.

"Ɗakin ƙafa nawa ne?"

Mai Firji ya zaro takarda daga aljihu. Rubutun Baba ne, da fensir ɗinsa na aiki mai faɗin baki: goma sha biyu, goma sha huɗu, tsayi tara. Na dube shi. Yaushe suka yi wannan awon?

"Ranar da kike aji," ya ce, ba tare da ya kalle ni ba. "Ya ce tef ɗina ƙarya yake yi, sai da aka ɗauko nasa."

Matar ta buɗe bayan wata na'ura ta zaro abin da ke ciki. "Wannan ita ce matatar, ita ce komai, sauran duk kwali ne da fanka. Kin ga farin nan mai ninki-ninki kamar siket ɗin 'yan makaranta? Shi ke kama ƙurar da ido ba ya gani. Baƙin nan gawayi ne, na hayaƙi da wari. In kin sa ƙaramar na'ura a babban ɗaki, kamar sharar tsakar gida ce da buroshin haƙori. Kuma kafin ki so na'ura, fara tambaya ko ana samun matatarta a gari, don duk bayan wasu watanni sai an canza. Sannan don Allah ki cire ledar da ke jikinta. Wani ya dawo min da tasa bayan wata uku, yana kumfar baki wai ba ta aiki. Na buɗe, leda na nan sabuwa fil. Wata uku yana shaƙar imani."

Mai Firji ya yi dariya. Ni ma na yi, ta saman leɓe.

Guda biyu ne suka dace da awon. Ɗaya siririya ce doguwa, in an kunna ta sai ka kara kunne kafin ka san tana aiki. Ɗayar gajera ce mai ƙiba, kamar ƙaramar durowa, tana wani huuu kamar ruwan sama a kan kwano daga nesa.

"Aikinsu ɗaya," in ji mai shagon. "Bambancin a kunne yake. Sai abu na ƙarshe, kuma shi mutane ke ƙin ji. Ƙofa a rufe, taga a rufe. In kika bar ƙofa a buɗe, unguwar gaba ɗaya kike tace wa iska."

"Ko da yana barci?" Muryata ta fito ƙarama.

"Musamman in yana barci, 'yata."

To. Yanzu zan faɗa muku abin da ban faɗa wa Yaya ba, ban faɗa wa Mai Firji ba. Wannan maganar ba sabuwa ba ce a wurina. Tun a shago na farko na gan ta, a shafi na uku na ɗan littafin da ke cikin kwalin, lokacin da suke ta surutu ni kuma ina bin layi da yatsa. Daga ranar ne kowace na'ura ta fara yi min laifi.

Ƙofar ɗakin Baba shekara tara ba a rufe ta ba. Wani guntun katako ne ya tokare ta, har ya yi wa siminti alama. Ɗakina na kallon nasa. Na san numfashinsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Na san na barci mai nauyi, na san na gajiya, na san wani siririn fito da yake farawa in ƙirjin zai kama, tun shi kansa bai ji ba. Ko wanki nake, rabin kunnena yana can.

Mama da rana ta rasu. Ta ce min za ta ɗan kwanta, in ja mata ƙofa saboda haske. Na ja. Na tafi bayan gida ina wanki, ina 'yar waƙata. Awa biyu. Ina da shekara ashirin a lokacin. Likita ya ce ko ina zaune a gefenta ba abin da zan iya, kowa ma haka ya ce. Na ji su. Amma hannuna ne ya ja ƙofar.

A mota Mai Firji ya sa makulli, bai murɗa ba. Kwalaye biyu a baya, mai shagon ta ce mu je mu gwada, mu dawo da wadda ba a so. Motar na warin roba da man inji. Na ƙura wa wani ɗan tsagi a gilashin gaba ido.

"Auta."

"Na'am."

"Ba na'urar ce ba ta yi miki ba."

Na ci gaba da kallon tsagin.

"Ni gyara na iya. In firji ya ƙi sanyi, na san inda zan taɓa. Wannan ban san inda zan taɓa ba, kuma ina tsoron in taɓa inda zai lalace."

"Mu ɗauki siririyar," na ce da sauri. "Ba ta da ƙara. Ko an rufe ƙofa, ta ƙasanta zan riƙa jin sa."

Ya juyo ya dube ni, a hankali. "Daga garin da za mu, za ki ji shi?"

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Yaya ce: "Ya ci abinci, ya sha magani, ya ce girkina ya fi naki. Kada ki dawo hannu biyu." Na kife wayar. Na sake ɗagawa. Na sake kifewa.

"Shago biyar muka shiga," ya ce yana tayar da motar, "kuma wanda zai zauna da abin ba wanda ya tambaye shi. Mu kai masa ya zaɓa."

Bayan azahar muka iso. Baba na zaune a bakin gado da farar singileti da hularsa, rediyo a gefe. Da ya ga kwalaye sai idonsa ya yi haske irin na ranar da aka kawo masa sabon zarto. Ya sa aka matsar da durowa, ya ce a bar tazara tsakanin na'urar da bango, wai ya ji a bakin Mai Firji ita ma tana son wurin numfashi. Ni na cire ledojin da hannuna. Yaya ta rufe taga.

Sai Baba ya miƙe. Na kai hannu zan riƙe shi, ya kauce. Ya taka har bakin ƙofa, ya sa ƙafa ya ture guntun katakon nan gefe. Ƙofar ta ƙi motsi da farko, sannan ta taho tana kuka kamar an taka kyanwa.

"Ni na yi ƙofar nan," ya ce yana shafa ta. "Katako ne na gaske, zama ne ya ɓata ta. Ɗan nan, kana da mai?"

Mai Firji ya ɗiga wa ƙarafunanta mai. Baba ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe. Kowane rufi sai na ji shi a cikina.

Siririyar aka fara kunnawa. Fitilarta ta yi ja wur, alamar iskar ɗakin ta ƙazantu. Yaya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wannan muke shaƙa?" Muka zauna muna kallonta kamar masu jiran sakamako, can ta koma ruwan lemo.

"Kun ji?" na ce. "Kamar babu ita. Baba, wannan ba za ta dame ka ba ko kaɗan."

"Uhm," in ji Baba. "Kunna ɗayar."

Gajerar ta kama huuu ɗinta.

"Wannan ai jirgi ne zai tashi," in ji Yaya.

"Iyakar muryarta ke nan?" Baba ya tambaya.

"Tana da hawa uku, Baba. Wannan na ɗaya ne," in ji Mai Firji.

"Ƙara."

Ya danna.

"Ƙara."

Ɗakin ya cika da ƙara, labule na motsi. Baba ya lumshe ido, ya jingina da bango, wani murmushi ya bazu a fuskarsa.

"Wannan nake so."

"Baba, ba zan ji ka ba!"

Kafin in kama bakina maganar ta riga ta fita. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Shi ya sa," ya ce.

Yaya ta kalli Mai Firji, Mai Firji ya kalli takalminsa. Baba ya rage ƙarar da kansa, ya ce musu, "Ku ɗan ba mu wuri." Suka fice. Ya nuna min kujerar roba.

"Zauna, Auta. Ba a kan ƙafa ake jin wannan ba."

Na zauna a bakin kujerar.

"Shekara tara ban yi tari son raina ba. In na ce ƙehe, kafin in rufe baki kin iso, ido waje, kofi a hannunki. Sai na koyi haɗiye shi. In ya taso in tura fuska cikin filo. In ya matsa min, in jira ki kunna famfo ko ki shiga wanka, in yi maza in fitar. Likita ya ce in riƙa fitar da kakin nan, a gabanki ya faɗa. Ni kuwa ajiye shi nake, don kada in ga fuskar nan taki."

"Baba…"

"Bari in gama, numfashin ba shi da yawa. Talata da Alhamis, in kin tafi aji, kin san me nake yi? Tari nake har in ƙoshi. In yi waƙa. In yi wa rediyo gardama. Da na ji takunki a ƙofar gida sai in gyara kwanciya in zama mara lafiyan kirki."

"Ashe nauyi nake maka."

"Kul! Kada in ƙara ji. Ba don ke ba da tuni an manta inda aka binne ni. Amma ki ji. Ranar da uwarki ta tafi, ina shago ina haɗa wa wani gado. Ya ce ba ya sauri, ni na ce sai na gama. Kina tsammanin ke kaɗai ke da abin tunawa? Ni ma kullum sai na ce da na dawo da wuri. To ba ta dawo ba, Auta. Ke kuma ga ki nan kina tsufa a bakin ƙofata, kina ƙona min riguna."

Dariya ta kubce min tare da hawaye. Ashe ya ji warin ƙunar.

"In abin ya tashi da gaske fa? In ƙirjin ya kama, ba wanda ya ji?"

"Mun yi wannan maganar da yaron nan ranar awo. Zai ja min waya daga kan gadon nan zuwa ɗakin baya, da madanni, irin na ƙararrawar ƙofa. In ina son mutum, in danna, yayarki ta zo da surutunta. In ban danna ba, tari ne kawai, na tsoho, a bar ni da abina." Ya gyara filo. "Ban ce ki aure shi ba. Wannan naki ne. Amma kada ki ce saboda ni kika ƙi, don ban yarda a ɗora min ba. Yanzu tashi, zan ɗan kwanta. Ja min ƙofar."

Ja min ƙofar.

Ban san ko ya san kalmomin da ya maimaita ba. Ina jin ya sani. Na kama mariƙin. Yana kallona, ba ya ƙiftawa. Na ja, ta rufu ba ko ƙara, mai ya yi aikinsa. Daga ciki na ji na'urar ta hau.

Yaya tana kicin tana buga tukwane, irin bugun da ake yi don a nuna ba a sauraro. Mai Firji na kan bencin baranda, wata takarda a ninke a gwiwarsa. Na zauna a ɗaya ƙarshen. Na tashi. Na gyara takalman da ke bakin baranda, waɗanda a gyare suke. Na sake zama.

"Mece ce wannan?"

"Fom ɗin kamfani ne. Tun Alhamis yake aljihuna. Duk na cike, layi ɗaya ya rage."

Ya miƙo min. Na bi da yatsa har ƙasa. Mutum nawa ne za su zauna a gidan da za a bayar? Gaban tambayar wani ɗan akwati ne, fari, babu komai.

A daidai lokacin tarin ya taso.

Duk da ƙarar na'urar, duk da ƙofar, sai da ya fito. Ba irin gajeren da na saba ji ba ne. Dogo ne, daga can ƙasan ƙirji, ɗaya na bin ɗaya, kamar ana jan kujera a kan siminti. Na miƙe tsaye, takardar ta faɗi. Taku biyu na yi. Yaya ta fito bakin kicin da ludayi a hannu, fuskarta ita ma ta canza, amma ta girgiza min kai. Mai Firji bai riƙe ni ba, ya dai sunkuya ya ɗauki takardar.

Na tsaya a tsakiyar tsakar gida, rana na dukana, na kasa kunne. Ba tarin nake saurare ba, fiton nan nake nema, siririn da ke zuwa in ƙirji zai kama. Na nema, na nema. Babu shi.

Tarin ya lafa. Aka yi shiru, sai huuu. Can sai ga wata murya a shaƙe, ba daɗin ji ko kaɗan, tana jan wata tsohuwar waƙa da ban taɓa sanin ya iya ba.

"Ji min tsoho," in ji Yaya, tana share ido da bayan hannu. "Muryar kamar ƙofarsa kafin a sa mai."

Na koma benci. Na karɓi takardar daga hannun Mai Firji.

"Ba ni biro."

Ya zaro daga aljihun rigarsa, sai da ya faɗi sau ɗaya kafin ya iso hannuna. Na ɗora takardar a gwiwata, na danne ta da hannun hagu yadda malamarmu ta koya mana, na rubuta a cikin akwatin, a hankali: 2.

Ya karɓa, ya daɗe yana kallo.

"Biyun taki ta ɗan karkace," ya ce, muryarsa ba daidai ba.

"In ba ta yi maka ba, kawo in goge."

Ya yi maza ya ninke ta, ya tura can cikin aljihu, ya dafe da hannu.

Ya kamata in bari Baba ya yi barcinsa, na sani. Na kasa. Na je bakin ƙofar, hannuna ya tafi kan mariƙi da kansa, sai na tsaya. Na janye shi. Na dunƙule yatsu na ƙwanƙwasa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni a gidan nan.

Waƙar ta tsaya. Ƙarar na'urar ta sauka.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Baba."

"Wace ke? 'Yar gida ko baƙuwa?"

Yaya ta daina motsi a bayana.

"Baƙuwa ce, Baba."

Na jira ya ce in shigo. Bai ce ba. Sai na ji na'urar tana hawa, ɗaya, biyu, uku. Na tsaya da tafin hannuna a jikin ƙofar, kuma wannan karon na san ba tari yake ɓoye min ba, kuka ne.